Ƙawata ta farka ba ta tuna komai bayan liyafa

'Yar'uwa, kin ce ƙawarki ta je liyafar ɗalibai, ta sha wani abu, ta farka ba ta tuna komai, amma tana cewa ai duk 'yan ajinsu ne, babu abin tsoro.

To, a nan gizo ke saƙar. Yawancin ɗalibai matan da ake yi wa fyaɗe, wanda suka sani ne ke aikatawa. Sabo yana sa mutum ya saki jiki, maye kuma ya dusashe hankalin da zai hango haɗari. Giya ce aka fi fakewa da ita, amma akwai masu zuba magungunan gusar da hankali irin su GHB ko Rohypnol a abin sha.

Kada ki tare ta da "me ya kai ki?" Laifin na wanda ya far mata ne, kuma faɗa zai sa ta ja bakinta ta yi shiru.

Ku je asibiti yau, in da hali kafin ta yi wanka, ku tafi da kayan da ta sa. GHB kan ɓace daga fitsari cikin kimanin awa 12, don haka in an yi jinkiri gwaji ba zai gano shi ba. Maganin kariya daga HIV ana fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ki nemo mata ƙwararriyar mai ba da shawara. Batun kai ƙara kuwa, ki bar mata ta yanke.