Amsa: Wane ne ɗan wasan gefen da yaƙi ya kai Ingila?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane ɗan wasan gefe ne a zari-ruga mai 'yan wasa 13 ya fara wasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya fi kowa yawan dire ƙwallo bayan layin abokan hamayya. Brian Bevan kake nema, mutumin Sidni ta Ostareliya, an haife shi a 1924.

A gida bai yi wani abin a zo a gani ba. Ya fara da ƙungiyar Eastern Suburbs ta Sidni a 1942, wasa takwas kacal, don yana aikin sojan ruwa. Jirgin yaƙi ne ya kai shi Ingila a 1945. Ƙungiyar Leeds ta dube shi ta ce a'a. Ni dai ban ga laifinta sosai ba: siriri ne, ga sanƙo tun yana matashi, gwiwoyi naɗe da bandeji kamar wanda ya fito daga asibiti. Ƙungiyar Warrington ce ta gwada shi ta riƙe.

To amma idan ƙwallo ta shiga hannunsa, sai dai a ga ƙeyarsa. Gudu da kaucewa, ya bar mai tsaro yana rungumar iska. Sau 740 ya dire ƙwallo bayan layi a wasa 620 da ya yi wa Warrington, jimilla 796 a rayuwarsa, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. Ya ɗauki kofin Challenge, babban kofin wannan wasa a Ingila, a 1950 da 1954.

Abin da ke min ciwo, bai taɓa buga wa Ostareliya ba. Ya ƙare wasa a ƙungiyar Blackpool Borough a 1964, ya rasu a 1991.