Tsere, gasa ko rige-rigen makamai?

Wani mai karatu daga Damagaram ya aiko da tambaya: "Malam, ina jin 'yan jarida na cewa tseren makamai, wasu gasar makamai, wasu kuma rige-rige. Wanne ya fi daidai? Sannan ashe tara makamai ba shi ne rigakafin da aka ce ya fi magani ba?"

Ɗan'uwa, duk ukun Hausa ne, amma akwai bambanci. Tsere yana da mafari da maƙura, kamar na dawaki a filin sukuwa. Gasa kuwa tana da alƙali da kyauta. Rige-rige shi ne kowa ya zabura don kada wani ya riga shi, ba alƙali, ba inda aka ce a tsaya. Ni dai shi na zaɓa, domin tsoro ne ke tuƙa ƙasashen da ke tara makamai.

Dubi Indiya da Pakistan. A 1965 Zulfikar Ali Bhutto, yana ministan harkokin wajen Pakistan, ya ce in Indiya ta ƙera bam ɗin nukiliya su ma sai sun ƙera, ko da ciyawa za su koma ci. Indiya ta yi gwajinta na farko a 1974, ta sake a Mayun 1998, kafin watan ya ƙare Pakistan ta mayar da martani a tsaunukan Chagai. Takunkumi ya biyo baya, gwamnatin Pakistan ta rufe wa jama'a asusunsu na kuɗin waje a bankuna. Yau ga bam a hannu, ga yara sama da miliyan 20 ba sa makaranta, shan inna kuma har yanzu bai bar ƙasar ba. Wannan yana ci mini rai, don talaka ne ya ci ciyawar.

Batun karin maganar kuwa, rigakafi gaskiya ne, ƙasa ba ta zama ba soja. Sai dai Bahaushen da ya faɗe ta shi ya ce daidai ruwa daidai tsaki. Tsaki shi ne ɓarzajjen hatsi, mai dafa shi kuma takan auna ruwa gwargwadonsa, in ya yi yawa girki ya lalace. Rigakafin da ya cinye kuɗin asibiti ya wuce gwargwado. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Suwidin ta ƙiyasta cewa a 2024 duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a kan harkar soja, kuma shekara goma ke nan a jere adadin yana hawa.