Faifan waje ba ya bayyana idan Raspberry Pi ta tashi, sai an zare an mayar

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da na mayar ma'ajiyar hotuna da bidiyo. Tsarin Raspberry Pi OS yana kan katin memori, sannan na jona mata faifan waje mai terabait 1, irin ƙaramin nan mai juyawa da ake sakawa a gidan USB. Duk lokacin da na kashe na kunna, faifan ba ya bayyana, amma da na zare wayarsa na mayar sai ya fito lafiya lau. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa bai taɓa ba ni matsala ba. Da na ƙara layinsa a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗaura idan na'ura ta tashi, sai abin ya ƙara taɓarɓarewa: na'urar ta tsaya cak fiye da minti ɗaya, sannan ta rubuta "emergency mode" ta ce asusun root a kulle yake. Da ƙyar na cire layin. Faifan ne ya fara mutuwa, ko Pi ɗin ce ta lalace?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Faifan da ya kama hanyar mutuwa ba kasafai yake warkewa don an zare waya an mayar ba. Abin da ka kwatanta alamar ƙarancin wuta ce ko ta rashin haɗuwar lokaci, kuma na fi zargin wutar.

Amma kafin ka sayi komai, bari mu san inda maganar ta tsaya, domin "ba ya bayyana" suna ne ɗaya da cututtuka daban-daban suke amsawa. Nan gaba idan na'urar ta tashi babu faifan, kada ka taɓa wayar. Ka buɗe taminal ka rubuta `lsusb`. Idan babu sunan gidan faifan a jerin, to Pi ba ta ma san an jona mata wani abu ba. Idan yana nan, sai ka rubuta `lsblk` ka duba ko akwai sda da sda1, wato sunan da Linux ke bai wa faifan da ɓangarensa na farko. In gidan ya fito amma babu sda, matsalar tana tsakanin Linux da ɗan cif ɗin da ke cikin gidan. In kuwa sda1 yana nan daram, to faifanka ya bayyana tun tuni, ɗaura shi a folda ne kawai ba a yi ba. Wannan na ƙarshe yana yawan rikita mutane, saboda tsarin mai hotuna da linzami yana ɗaura faifai da kansa a /media ne bayan mai amfani ya shiga, shi kuma na Lite, wanda rubutu kawai ake yi masa, ba ya yin haka ko kaɗan.

To, mu zo kan wuta. Faifai mai juyawa yana da injin da ke juya faranti, kuma lokacin da ya fi zuƙar wuta shi ne daƙiƙu biyu ko uku na farko, sa'ad da yake tada farantin daga tsaye zuwa juyi 5,400 a minti. A wannan ɗan taƙin, faifai mai inci 2.5 yana iya neman kusan amfa 1, bayan nan sai ya sauko sosai. Ita kuma Pi 4 amfa 1.2 ne jimillar abin da take bai wa ramukan USB ɗinta guda huɗu, gaba ɗayansu a haɗe. Ka ga faifanka shi kaɗai ya kusa cinye kason, kafin a yi maganar allon rubutu da linzami da filashin da ka manta a jiki. Sannan wannan zuƙar tana faɗowa daidai lokacin da ita kanta Pi take kan ganiyar aikin tashi. Su biyun suna jan igiya ɗaya, ƙarfin wuta ya faɗi, injin ya kasa kaiwa, cif ɗin gidan ya rikice ya yi shiru. Ba zai farfaɗo ba sai an yanke masa wuta an dawo da ita, wato abin da kake yi da hannunka ke nan idan ka zare ka mayar. A lokacin Pi ta gama hidimarta ta natsu, akwai rarar da za ta ba shi.

Kunnenka ma zai iya gaya maka. Ka kanga shi a jikin gidan faifan sa'ad da kake kunnawa. Lafiyayyen tashi ƙara ce siririya da ke hauhawa sannan ta daidaita. Idan ka ji ya ɗauko juyi ya yi "ƙit" ya tsaya, ya sake ɗaukowa ya sake yin "ƙit", ko ka ji ɗan kuka siriri kamar na agogo, yunwa yake ji.

Na'urar kuma tana ajiye shaida. Ka rubuta `vcgencmd get_throttled`. Idan ta amsa da 0x0, wutar da ke shiga Pi ba ta faɗi ba tun da aka kunna. Idan ka ga 0x50000, ta faɗi a wani lokaci bayan kunnawa ta dawo. 0x50005 kuwa yana nufin har yanzu a ƙasa take. Iyakar da Pi ke ƙorafi ita ce kimanin bolt 4.63. Sai dai fa 0x0 bai wanke wuta gaba ɗaya ba, domin wannan awon na mashiga ne. Cajar tana iya zama lafiya ƙalau amma faifan ya zarce kason ramukan USB, a nan sai ka nemi kalmar over-current a cikin abin da `dmesg` ya fitar, wato umarnin da ke nuna saƙonnin Linux game da kayan da aka jona.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne wayar caja. Ni kaina na taɓa shafe yamma guda ina sauya saituna, ina zargin gidan faifai, har na sake rubuta tsarin a sabon kati, alhali cajar da nake amfani da ita an rubuta amfa 3 ɓaro-ɓaro a jikinta. Ashe doguwar siririyar wayar da na haɗa ta da ita ce ɓarauniyar. Lissafin ba shi da wuya: wayar da turjiyarta ta kai om 0.2, idan amfa 2.5 suka ratsa ta, rabin bolt ya zube a hanya, sai 5.1 ya koma 4.6 kafin ya isa. Da na sa gajera mai kauri, shi ke nan. Wannan zubewar ce ta sa cajar Pi ta asali take fitar da bolt 5.1 maimakon 5, kuma wayarta a manne take. Cajar wayar salula da ke alfahari da saurin caji ba lallai ta wadatar ba, domin yawanci da ɗaga bolt zuwa 9 ko 12 take samun saurin, ita kuwa Pi bolt 5 kaɗai take karɓa. Layin bolt 5 za ka karanta a jikin cajar, ka ga amfa nawa aka rubuta a gabansa.

Ko ka sayo caja mai amfa 5, kason amfa 1.2 na ramukan Pi 4 ba zai ƙaru ba. Saboda haka ga faifai mai juyawa, shawarata ita ce mahaɗar USB (wato hub) mai cajarta daban, ko gidan faifai mai tasa wutar. Hattara ɗaya: wasu mahaɗai marasa inganci suna mayar da wuta baya zuwa cikin Pi, sai ta riƙa maƙalewa idan an ce ta sake tashi. Gwajin mai sauƙi ne. Ka zare cajar Pi ka bar mahaɗar a kunne, idan jar fitilar Pi ta ci gaba da ci, nemi wata mahaɗar. Masu Pi 5 kuma nasu ya fi tsanani: idan ba ta gane caja mai amfa 5 ba, miliamfa 600 kacal take bai wa ramukan, da cajarta mai wat 27 kuwa takan ba da amfa 1.6.

Yanzu batun fstab ɗin da ya ba ka tsoro. Ba ka yi kuskure ba da ka sa layin, kalma ɗaya ce ka bari. Duk faifan da aka rubuta a fayil ɗin nan, systemd, manhajar da ke jagorantar tashin na'urar, yana ɗaukarsa wajibi ne, ya jira shi daƙiƙa 90, in bai zo ba ya dakatar da tashin gaba ɗaya. Ka fara rubuta `sudo blkid` ka kwafi lambar UUID ta sda1, wato lambar shaidarsa da ba ta sauyawa, domin sunan sda yana bin wanda ya fara amsawa ne, yau faifanka ne, gobe filashi ya riga shi. Sannan ka rubuta layin kamar haka, idan faifan ext4 ne, wato tsarin ajiyar fayiloli na Linux:

`UUID=lambarka /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail,x-systemd.device-timeout=30 0 2`

Kalmar nofail ce ke cewa a ci gaba da tashi ko faifan bai zo ba. Kafin ka kashe, ka gwada da `sudo systemctl daemon-reload` sannan `sudo mount -a`. Gara kuskuren ya bayyana kana da taminal a hannu.

Amma nofail tana da nata tarkon, kuma tunda ma'ajiya kake yi, kai ne irin wanda take kamawa. Idan faifan bai ɗauru ba, folda ɗin /mnt/ajiya yana nan, fanko, a kan katin memori. Manhajar da ke karɓar hotuna ba ta san bambanci ba, za ta ci gaba da zuba kaya a ciki har katin ya cika fam. Ranar da faifan ya ɗauru kuma sai ya rufe waɗancan fayilolin, ka neme su ka rasa, katin kuma a cike ba ka san dalili ba. Maganinsa shi ne ka ƙara `RequiresMountsFor=/mnt/ajiya` a sashen Unit na fayil ɗin systemd da ke tada manhajar, yadda ba za ta tashi ba sai faifan ya zauna.

Idan ka gyara wuta amma har yanzu `lsusb` yana ganin gidan, `lsblk` ba ya ganin faifan, ko `dmesg` yana ta maimaita layuka masu uas_eh_abort_handler da reset, to ka faɗa a hannun UAS. Sabuwar hanyar magana ce tsakanin kwamfuta da faifai a USB 3, ta fi tsohuwar sauri, amma wasu gidajen suna iƙirarin sun iya ta alhali rabi suka iya. Gwaji mafi arha shi ne ka cire wayar daga shuɗin rami ka sa a baƙi, wato USB 2. Idan ya riƙa tashi lafiya a can, zargin ya yi ƙarfi. Sai ka duba lambobin gidan a `lsusb`, irin su 152d:0578, wanda cif ne na JMicron da ake yawan samu a gidaje masu sauƙin kuɗi. Ka buɗe /boot/firmware/cmdline.txt, ko /boot/cmdline.txt idan tsarinka ya girmi Bookworm, fitowar Raspberry Pi OS ta shekarar 2023, ka sa `usb-storage.quirks=152d:0578:u` a farkon layin da lambobin naka gidan, ka bar tazara ɗaya. Fayil ɗin nan layi ɗaya ne tak, kada ka kuskura ka sauko layi na biyu. Za ka yi asarar ɗan sauri, wanda a faifai mai juyawa da wuya ka lura da shi.

Tunda ka ce kana sa shi a kwamfutar tafi-da-gidanka, idan NTFS ne, wato tsarin ajiyar fayiloli na Windows, kuma Windows ba ta sallame shi da kyau ba, Linux na iya ƙin ɗaura shi ko ya ɗaura shi don karatu kawai. Ka mayar da shi Windows, ka bari ta duba shi, ka cire shi ta hanyar da ta dace.

Akwai masu karatu da nasu ya bambanta, wato tsarin kansa a kan faifan USB yake, babu kati. A nan Linux bai ma tashi ba balle a yi maganar fstab, ƙaramar manhajar tada na'ura da ke cikin EEPROM, ɗan cif ɗin ajiya a jikin Pi, ita ce ke neman faifan. Pi 4 ta fito a 2019 amma sai a 2020 ta samu wannan damar a hukumance, don haka tsohuwar da ba a taɓa sabunta ta ba sai an yi `sudo rpi-eeprom-update -a` daga kati. Jerin inda take nema yana cikin BOOT_ORDER, kuma daga dama ake karanta shi: 0xf41 yana nufin kati, sannan USB, sannan a sake zagayowa, 0xf14 kuma USB ne farko. Pi 3B kuwa daƙiƙa biyu kawai take jira, abin da faifai mai juyawa ba kasafai yake cimmawa ba.

Idan ka yi gyara, ka gwada shi ta hanyar da ciwon ke zuwa. Umarnin reboot ba gwaji ba ne, domin sau da yawa farantin bai gama tsayawa ba. Ka kashe da `sudo poweroff`, ka zare caja daga bango, ka ƙirga ashirin, ka mayar. Ka yi haka kamar sau biyar, kowane karo ka duba `lsblk`.

Game da tsoronka na mutuwar faifan, ka sauke manhajar duba lafiyar faifai ta smartmontools ka rubuta `sudo smartctl -a -d sat /dev/sda`. Ka duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. Idan adadin da ke ƙarshen layukansu sifili ne, alama ce mai kyau ga lafiyar farantin. In akwai Power-Off_Retract_Count, ka rubuta lambarsa a takarda yau, domin yana ƙirga sau nawa wuta ta yanke wa faifan ba shiri har kan karatunsa ya ja da baya da gaggawa. Bayan mako guda da sa sabuwar mahaɗar ka sake dubawa. Idan kana kashe na'urar yadda ya kamata amma lambar tana ta hawa, ka turo min ita tare da abin da `dmesg` ya rubuta a daƙiƙu talatin na farko.