Tambaya da Amsa: Ƙungiyar agaji ma tana ƙarƙashin dokar ƙwadago

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na fi shekara biyu ina aiki da wata ƙungiyar agaji, ina awon hannun yara masu tamowa, ina raba musu abincin gyaɗan nan na leda. Ƙarfe takwas nake sa hannu a rajista kullum, amma har yau 'yar sa kai ake kirana. Alawus dubu arba'in, ba takarda, ba fansho, shugabanmu kuwa ya sake mota. Da muka yi ƙorafi aka ce ƙungiyar ba ta neman riba, don haka ba mu da haƙƙi a kanta. Haka ne? Daga wata mai karatu, Maiduguri.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba haka ba ne. Abin da doka ta hana amintattun da suka yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, shi ne raba kuɗinta a tsakaninsu, amma ba ta yafe musu haƙƙin ma'aikata ba. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata 3. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne, muddin ma'aikatan wurin sun kai 25. In sun kai 15, dole a buɗe muku asusun fansho, ƙungiya ta zuba kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na albashinki, ke kashi 8. Kotu kuma ba sunan da ake kiranki da shi take dubawa ba, takan duba wa ke tsayar miki da lokaci, wa ke ba ki umarni.

Abin nan yana ci mini rai. A taron duniya kan ayyukan agaji da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin kashi 25 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kafin 2020, ba su cika ba. Kuɗin yana tsayawa a hedikwata da albashin manya, ɗan abin da ya gangaro ma sai ya maƙale a ofishin shugaba, ke da ke tsugune gaban yaro cikin rana ki tashi da guntu.

Ki adana alat ɗin banki, katin shaidar aiki, hoton rajistar da saƙonnin WhatsApp na mai kula da ku. Kada ki tunkare su ke kaɗai. Ku haɗu ku rubuta takarda, kowa ya sa hannu. In sun yi kunnen uwar shegu, ku kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.