Kan Kifi da Ƙayarsa Za Su Hana Mai Lalacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar abinci. Na ji an ce daga kan kifi da ƙaya da kayan cikin da ake zubarwa ana samun abin da ke hana abinci mai maiƙo lalacewa. Gaskiya ne? To ƙarnin fa?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Gaskiya ne, amma da sharaɗi.

Abin da ke sa mai ya yi wari har ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro shi ne haɗuwarsa da iskar oksijin. Zafi da haske da ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla suna ƙara hanzarta abin. Kamfanoni sun daɗe suna taka masa birki da sinadaran hana lalacewa BHA da BHT, waɗanda za ki gani a jikin kwali da lamba E320 da E321.

Shi kuwa kifi, in an yanke tsokarsa, abin da ya rage kan kai rabin nauyinsa, wani lokaci ma ya fi, kuma cike yake da furotin. Sai a niƙa shi da ruwa, a zuba enzaim, wato sinadarin da ke narka furotin, irin Alcalase, ko papain da ake samu daga ɗanyar gwanda, a bar shi a zafin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Celsius na 'yan awanni. Enzaim ɗin zai daddatsa furotin zuwa ƙananan gutsattsari. Daga nan a ƙara wuta a kashe enzaim ɗin, a tace, a busar ya zama gari. Histidin da tirosin suna cikin tubalan ginin furotin. Gutsattsarin masu ɗauke da histidin su ke cafke ƙarfen, masu tirosin kuma su tare lalacewar tun tana farawa.

Ga sharaɗin. Garin nan a ruwa yake narkewa, don haka in kin zuba shi a zallar mai, ƙasa zai kwanta. Inda yake nuna kansa shi ne wurin da ruwa da mai suka cakuɗa, kamar mayonis ko niƙaƙƙen nama.

Zancen ƙarni kuma, kin taɓo inda ke ciwo. Na taɓa lasar wanda aka yi da kayan cikin da suka kwana ba ƙanƙara: ɗaci a harshe, ƙarni a yatsa har bayan na wanke hannu sau biyu. Man kifin da jinin da ba a cire ba su suka lalace tun kafin a fara aiki. In za ki gwada, ki samo ɗanyen na ranar, ki wanke jinin, ki yaɗe maiƙon. Kuma duk abincin da aka sa shi, a rubuta a jikinsa cewa akwai kifi, saboda masu borin jini.