Ku Tambayi Likita: Ɗana zai tafi Addis Ababa, an ce iskar can ba ta isar baƙo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu a Addis Ababa. Kawunsa da ya taɓa kwana biyu a can ya ce tun daren farko kansa ya ɗauki ciwo, bene hawa ɗaya ya sa shi haki. Ƙanwar yaron, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da sikila, shi kuwa ba mu taɓa gwada shi ba tunda bai taɓa kwanciya ba. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwa, Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Abin da kawunsa ya faɗa gaskiya ne. Damagaram ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Addis Ababa kuwa ta haura mita 2,300. Duk faɗin Nijar ba mu da wuri mai wannan tsayi, don ƙololuwar Bagzan da ke Abzin, wadda ta fi ko'ina, mita 2,022 ce. Oksijin da ke cikin iska kashi 21 cikin 100 ne a nan, haka yake a can, sai dai iskar can ba ta da nauyi, ta yi tsarwa-tsarwa kamar kunun da aka cika wa ruwa. Kowane numfashi sai ya kai wa jini ƙasa da abin da ya saba samu.

Ni ma na ɗanɗana lokacin da na je wani kwas a can. Da asuba na hau bene biyu riƙe da 'yar jakata, sai ga ni dafe da bango, ina jin bugun zuciyata har cikin kunne. Jiki ne ke neman mafita: numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri, fitsari ya yawaita, barci ya riƙa yankewa. A kwana na uku na daina jin komai. In mutum ya zauna makonni, ƙoda kan aika wa ɓargo saƙo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke taimakon 'yan tseren gudu na Habasha da Kenya ke nan. Ciwon tsauni mai tsanani, wanda ke tara ruwa a huhu ko ya kumbura ƙwaƙwalwa, ya fi kama masu hawa sama da mita 2,500 cikin gaggawa, kamar masu hawan Kilimanjaro. Ga mai ƙoshin lafiya, wahalar Addis ta kwana biyu ce ko uku: hutu, ruwa da yawa, farasitamol in kai ya dame shi.

Maganar ƙanwarsa ce ta tsaya mini a rai, Hajiya, kuma na ji daɗi da ba ki ɓoye ta ba. Tunda tana da sikila, ke da mahaifinsu kowa na ɗauke da ƙwayar, ko da ba ku taɓa jin ciwo ba. A irin wannan aure, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, biyu cikin huɗu na zuwa da AS, wato mai ɗauke da ƙwayar amma ba shi da cutar. Rashin kwanciyarsa bai wanke shi ba. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa ƙwayar jinin mai sikila ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Mai AS yakan yi rayuwarsa lafiya lau, amma a tudu mai tsayi, in aka haɗa da gudu ko ƙishirwa, jini na iya toshewa a saifarsa. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa, kuma samari masu ji da ƙarfi ya fi samu.

Don haka kafin a sayi tikiti, a kai shi asibiti a yi masa gwajin elektoroforez, wato gwajin da ke nuna nau'in jininsa, ko AA ne, ko AS, ko SS. Kada a tsaya a gwajin Emmel, wanda ke nuna akwai ƙwayar sikila kawai, domin shi bai bambance AS da SS, wato cutar kanta. In AA ya fito, wato babu ƙwayar ko kaɗan, sai addu'a da guzuri. In AS ne, zai tafi, amma makon farko ban da ƙwallo, ban da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma gorar ruwa kada ta bar hannunsa. In an ga SS ko SC, wanda shi ma nau'in cutar sikila ne, to sai ya zauna da likitan jini tukuna, don cikin jirgin ma iskar daidai take da ta tudu mai mita 2,000 ko fiye.

Ki gaya masa da bakinki: ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, haki alhali yana zaune, tari mai kumfa, ko tangaɗi da ruɗewa, duk na asibiti ne a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba. In kuma ciwon kan ya zo da zazzaɓi, kada ya ɗora wa tsauni laifi. Mai yiwuwa sauron gida ne ya yi masa rakiya, sai ya nemi gwajin maleriya, ya kuma nuna wa likitan can takardar gwajin jininsa.