Magina sun toshe mana ƙofar shan iska, ya za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ana ƙara gini a jikin ofis ɗinmu, ma'aikata sun lulluɓe wurin da na'urar sanyaya ɗaki ke zuƙo iska daga waje da tamfol, sun kuma jera bulo a gabansa wai don kar ƙura ta shiga. Yanzu kafin azahar kowa kai na ciwo, ƙofa ma sai ka ja da ƙarfi take buɗuwa. Akwai haɗari ne?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Akwai mana, kuma kada ki yi shiru. Rufe ƙofar iska lokacin gini ba laifi ba ne, ƙurar siminti in ta shige bututu ta kwanta kan injin, fitar da ita sai an sha wuya. Amma ana rufewa ne in an kashe na'urar kuma ba mutane a ciki. Ku kuwa kuna zaune, fanka na ta fitar da iska waje sabuwa ba ta shigowa, shi ya sa ƙofarku ke maƙalewa, ginin ne ke neman iska ta kowace kafa, har ta magudanar banɗaki da ƙarƙashin ƙofa, ya janyo muku wari da ƙurar da aka ce ana gudu.

Abin da ya fi damuna janareta ne. In suna kunna shi kusa da bangonku, hayaƙinsa na ɗauke da wani gas mai guba da ake kira kabon monoksaid, gas ɗin ba ya wari ba a ganinsa, kuma yana kisa. A matsar da shi aƙalla mita 6 daga taga da ƙofar iska, salansar ta kalli wani gefen. In ciwon kan ya haɗu da jiri ko amai ku fita waje nan take, a wuce asibiti.

Yau ɗin nan ki sa mai kula da ginin ya zauna da ɗan kwangila. A kwashe bulon, a cire tamfol, a sa matatar iska ta wucin gadi a wurin, mai matakin tace ƙura da ake kira MERV 8 ita aka saba sawa lokacin gini, a riƙa dubawa ana sauyawa don da wuri take cikewa. In ƙurar ta yi yawa a ja bututu na ɗan lokaci zuwa gefen da ba a aiki, ko su mai da yankan bulo bayan kun tashi. Duk kafar da aka rufe a rubuta ta a takarda, don leda kan kwana a bututu har bayan an gama aiki ba wanda ya tuna.